Huhun da Ya Riga Mai Shi Tsufa

A layin da shagon Tela yake, in famfo ya kama ɗiga ko tankin ruwa ya fara yoyo, ba a cewa a nemo mai gyara. Cewa ake yi a kira Guguwa. Tafiyarsa ce ta jawo masa sunan, don mutum ne da bai iya taku a hankali ba. Jakar kayan aiki a kafaɗa, babbar sifana a hannu, karan sigari a gefen baki, kafin ka gama amsa gaisuwarsa ya sha kwana. Gidajen bene na unguwar babu wanda bai hau rufinsa ba, kuma bibbiyu yake tsallake matakala, yana fito.

Shi da Tela tagwaye ne, kamar an tsaga kara. Mahaifiyarsu ma, Allah ya jiƙanta, in sun taho daga nesa da tafiya take gane su. Wanda ya taho kamar an biyo shi, Guguwa ne. Wanda ya taho kamar ƙwai ya fashe masa a ciki, Tela ne. An ce Tela ne ya riga fitowa duniya, amma Guguwa bai taɓa yarda ba.

"Ni da nake gaggawa a komai," in ji shi, "a ce wannan mai sanyin jiki ya riga ni? Ungozoma ce ta rikice."

Don haka bai taɓa kiran ɗan'uwansa Yaya ba sai in yana son a ɗinka masa riga da sauri.

Taba kuwa a wurin koyon aiki ya same ta. Yana saurayi aka kai shi wurin wani tsohon mai gyaran famfo, aikin farko da aka sa shi kuma shi ne buɗe bututun masai da ya toshe a bayan wani gidan haya. Yana ɗaga murfin, ya koma gefe yana ta kelaya amai. Maigidan nasa ya yi dariya, ya kunna kara ɗaya ya miƙa masa.

"Zuƙi wannan, hancinka ya huta."

Hancin ya huta. Daga nan ta zama sai za a buɗe masai, sannan sai an gama aiki, sannan bayan cin abinci, har ta kai in ya tashi da safe hannunsa ya san hanyar aljihu kafin idonsa ya gama buɗewa. Duk rigunansa Tela ne ke ɗinkawa, kuma shi ne ke toshe 'yan hujin da tartsatsin wuta ke bari a gabansu. Kullum in ya kawo riga sai Tela ya ɗaga ta a haske.

"Wannan abin da take yi wa yadi, me kake zaton tana yi maka a ciki?"

"Cikin nawa ai ba yadinka ba ne mai arha. Toshe ka ba ni, ana jirana."

Ya auri wata malamar makarantar yara, mace mai haƙuri da kaifin harshe in ta ga dama, kowa Malama yake ce mata har shi mijin. Ta yi faɗa a kan tabar, ta yi lallashi, ta ɓoye ashana, ta kore shi da hayaƙinsa zuwa ƙofar gida. Ya koma ƙofar gidan ba musu, ya sa kujera, wurin ya zama majalisarsa. Suka haifi maza biyu da aiki ya yi nisa da su, da mace ɗaya, Auta, wadda ta taso tana riƙe masa tocila in yana leƙa ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Mutum ne mai sakin fuska da sakin hannu. Tsofaffin unguwa da yawa sun sha buɗe ƙofa su tarar ya gyara famfon waje ya wuce, ba wanda ya kira shi.

Tarin safe ya daɗe tare da shi, har mutanen gida sun daina jinsa, kamar yadda ake daina jin ƙarar agogon bango. Tela ne ya fara ganin abin da ya wuce tari. Wata rana da hantsi ya kai labule wani gidan bene inda aka ce ɗan'uwansa yana gyaran tanki. Yana hawa, sai ya tarar da shi zaune a kan matakala tsakanin hawa na ɗaya da na biyu, jaka a gefe, hannaye dafe da gwiwa, kafaɗu na ɗagawa suna sauka. Ya tsuke baki yana fitar da iska a hankali kamar mai hura shayi.

"Lafiya?"

Guguwa ya ɗaga hannu alamar a dakata. Sai da ya ɗauki lokaci kafin magana ta fito. "Bututun nan nake dubawa."

Tela ya kalli bangon. Babu ko ƙusa a jiki, balle bututu. Ya ajiye labulen, ya ɗauki jakar, nauyinta ya ba shi mamaki, suka ƙarasa sama tare. Karon farko ke nan a rayuwarsu da Tela ya riƙa rage sauri don ɗan'uwansa ya cim masa.

Kai shi asibiti sai da aka yi taron dangi. Malama ta yi kuka, Auta ta daina yi masa magana, shi kuma yana ta cewa sanyi ne ya shige shi. A ƙarshe Tela ya rufe shago da safe, ya je ya tsaya a ƙofar ɗakinsa ya ce ba zai buɗe ba sai sun je sun dawo. Guguwa ya san ana jiran ɗinki a shagon, sai ya ja tsaki ya sa takalmi.

Likitar mace ce mai furfura a goshi, ba ta da yawan magana. Ta saurari ƙirjinsa gaba da baya, ta tura shi aka ɗauki hoto, sannan ta ba shi wani bututu da ke haɗe da na'ura, ta ce ya cika ƙirjinsa ya hura iya ƙarfinsa. Ya hura. Jijiyoyin wuyansa suka tashi, tari ya sarƙe shi. Aka sake, aka kuma sakewa. Da ya samu kansa sai ya nuna Tela.

"Likita, a gwada wannan ma. Na'urarku ce ba ta da kyau."

Ta kalli fuskokin biyu, ta ɗan yi murmushi, ta canja bakin bututun. Tela, wanda bai taɓa gudun da ya wuce na tsallaka titi ba, ya hura sau ɗaya. Ta dubi abin da na'urar ta nuna.

"Shekarunku nawa?"

"Hamsin da 'yan kai," in ji Tela. "Rana ɗaya aka haife mu."

"To kai huhunka shekarunka gare shi. Shi kuma nasa na ɗan tamanin ne." Ta juya ga Guguwa. "Huhu kamar soso yake, cike da 'yan ƙananan jakunkuna masu buɗewa su tsuke. Ƙwayoyin halittar da suka gina shi kullum cikin gyara suke, in wasu sun lalace wasu su maye gurbinsu. Hayaƙin taba yana sa su aikin da ya fi ƙarfinsu, sai su tsufa tun lokacinsu bai yi ba. Wasu ba su mutu ba, amma sun daina gyara, suna zaune suna ɓata na kusa da su. Jakunkunan sai su saki. Iska ta shiga, fitarta ta zama aiki."

"Kamar tsohuwar roba," in ji Guguwa.

"Kamar haka."

"To roba in ta saki ai canjawa ake yi."

"Wannan ba mu da ta canji. Abin da ya tafi ya tafi. Amma in ka bar tabar yau, saurin lalacewar zai ragu ƙwarai, kuma akwai magungunan da za su sauƙaƙa maka. Saura da yawa da za a iya tsarewa."

Suka kamo hanyar komawa har suka kusa gida. Nan Guguwa ya tsaya ya jingina da wata katanga, ya dubi Tela da wani irin murmushi.

"Ka ji dai da kunnenka. Likita ta raba gardama. Ni ne babba."

Tela ya so ya yi dariya, ya kasa. Ya juya yana kallon motoci.

Ya bar tabar, amma ba a rana ɗaya ba, kuma ba cikin daɗi ba. Mutumin da ba a taɓa jin muryarsa a sama ba ya zama abu kaɗan sai faɗa: gishiri ya yi yawa, rediyo ya cika ƙara, wa ya taɓa masa sifana. Tsinken sakace ya maye gurbin kara a gefen bakinsa, yana tauna su har su zama zare. Wata rana da yamma Tela ya zaga bayan shago zai zubar da ƙyallaye, ya tarar da shi tsugune a bayan tulin kwalaye, hayaƙi na fita ta tsakanin yatsunsa. Mutum mai jika a hanya, yana ɓuya kamar ɓarawon kaza.

Tela bai san yana da irin wannan fushin ba. Ya fizge karan ya taka, ya faɗi maganganu masu zafi, har da cewa in mutuwa yake so ya bari sai Auta ta haihu. Guguwa ya bari har ya gama. Yana tsugune, ya ce a hankali:

"Yaya, ka san abin da ya fi ba ni haushi? Ko daɗinta ban ji ba. Ƙirjin ba ya iya jan ta."

Babu riga a hannun Tela ranar, babu abin da ake so a ɗinka da sauri. Ya miƙa hannu ya tashe shi. Wannan ne karan ƙarshe da aka gan shi da shi.

An samu sauƙi bayan nan. Tarin ya ragu, abinci ya dawo masa da ɗanɗano, har ya ce ashe shekara da shekaru Malama ta iya girki bai sani ba. Ya koyi amfani da abin fesawa a baki da aka ba shi. Amma tsani ya gagare shi, daga baya bene ma ya gagara. Masu kira suka riƙa kira, yana cewa gobe, har suka gane suka koma wurin wasu. Tela ya ja keken ɗinkinsa ciki, ya ba shi rabin barandar shago. Aka sa tebur, ya jera kawunan famfo da robobi da gam da guntayen bututu yana sayarwa. Matasan masu gyara sukan tsaya su faɗa masa abin da ya gagare su, shi kuma ya zana musu da yatsa a kan teburin. In sun tafi da jakunkunansu a kafaɗa, yakan bi su da kallo har su ɓace.

Jikinsa ya riƙa zubewa a hankali. Numfashi kaɗai ya zama aikin da ke cinye abin da ya ci. Wuya ya rame, kafaɗu suka ɗago, ƙirji ya yi faɗi kamar ganga, fatar fuska ta yi duhu ta tattare. Tela da ke ganinsa kullum bai lura da nisan da abin ya yi ba, sai ranar da wata baƙuwa ta kawo ɗinki. Ta gaida Guguwa da ladabi har da rusunawa, ta shigo ciki, tana warware yadi ta ce:

"Mahaifinka ne a waje? Kai, amma kuna kama. Allah ya ƙara masa lafiya."

Tela ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Ya buɗe baki zai gyara mata, sai ya ji muryar Guguwa daga baranda, a yanke-yanke saboda haki.

"Ɗana ne, Hajiya. Na fari. Ki yi haƙuri da shi, bai da sauri."

Matar ta yi dariya, ta bar ɗinkinta ta tafi. Tela ya zauna a gaban keke ya kasa zura zare a allura. Can ya leƙa waje. Guguwa ya ɗauki wani sabon kan famfo mai sheƙi, ya kusanto da shi fuskarsa, yana juya shi a hankali yana kallon kansa a ciki.

Auta ta haifi 'ya mace. Ita da mijinta, wani malamin asibitin dabbobi mai kunya, suna zaune a hawa na uku a wani gidan haya. Ita ke kawo jaririyar gida don kada mahaifinta ya sha wahalar bene. Wata rana cikin hira ta ambaci cewa famfon ɗakin girkinta na ɗiga, sun kira mai gyara har sau biyu bai daina ba. Tana faɗa ta yi da-na-sani, don ta ga yadda ya gyara zama.

"Baba, ba cewa na yi ka zo ba."

"'Yata tana kwana da famfo mai ɗiga, ina raye? Me za a ce da ni a layin nan?"

Malama ta hana, ya ƙi ji. Washegari da safe Tela ya sake rufe shago, ya ɗauki jakar. Hawan ya ɗauke su lokacin da a da Guguwa zai gyara tanki ya sauko ya sha shayi. 'Yan matakala kaɗan sai ya tsaya, ya dafa bango, ya tsuke baki. A hawa na biyu wata maƙwabciya ta fito masa da kujera ba tare da an tambaye ta ba. Ya zauna, ya fesa maganinsa, leɓɓansa sun yi wani irin launi da Tela bai so ba.

"Mu koma," in ji Tela.

"Saukar ma ai tafiya ce. Mu ƙarasa."

Da suka shiga, bai iya durƙusawa ƙarƙashin wurin wanke-wanken ba. Aka sa masa kujera a gabansa, Auta ta riƙe tocila, Tela ya kwanta a ƙasa da sifana a hannu, shi da bai taɓa kwance ko noti ɗaya ba. Guguwa na ba da umarni da guntayen kalmomi. Hagu. A'a, hagunka. A hankali, ba wuyan riga ba ne. Da aka ciro abin, ya karɓa ya murza a yatsunsa, ya ce wancan mai gyaran ya sa robar da ta yi ƙanƙanta. Ya zaɓo wata daga aljihunsa, ya sa da hannunsa, ya miƙa. Aka ɗaure, aka buɗe ruwa, aka rufe. Su ukun suka yi tsit suna kallon bakin famfon. Bai ɗiga ba.

Auta ta ɗora masa jaririyar a cinya. Ya riƙe ta, yana son ya yi mata fito irin nasa na da. Ya tsuke leɓe, iska kaɗai ta fito. Yarinyar dai ta ji iskar a goshinta, ta lumshe ido ta bangale baki, shi kuma ya yi ta maimaitawa har tari ya tsayar da shi.

Bai sake hawa bene ba. Da damina ta kankama, mura ta zaga gidan, kowa ya yi ya warke, shi ta sauka masa a ƙirji. Aka kwantar da shi asibiti, aka sallamo shi da tukunyar iskar oksijin ta haya, doguwa kamar yaro a tsaye, da siririn bututu zuwa hancinsa. Aka dawo da gadonsa falo kusa da taga, don ya ce ɗaki ya yi masa ƙunci. A zaune yake barci, an tara masa matasan kai a baya. Malama ta bar koyarwa. Tela kan zo da ɗinkin hannu, ya zauna a gefensa yana sa maɓallai, ba su cika magana ba, don kowace kalma sai Guguwa ya saye ta da numfashi.

Wata safiya ya yafito shi da hannu. Tela ya sunkuya.

"Yaran nan masu gyara," ya ce, ya huta. "In ka ga ɗaya da taba a baki." Ya sake hutawa. "Kada ka yi masa wa'azi. Kawo shi ya gan ni."

Tela ya kawo mutum biyu. Sun zauna a takure, sun gaishe shi, sun kalli tukunyar, sun tafi. Ɗaya ya bari. Ɗayan har yanzu yana sha, sai dai in zai wuce shagon Tela yakan ɓoye hannunsa a baya.

Komawarsa asibiti ta biyu bai dawo ba. Da hantsi ne, ana ta hayaniyar masu kawo wa marasa lafiya abinci, Malama na riƙe da hannunsa ɗaya, Tela na riƙe da ɗayan. 'Ya'yansa maza suna hanya. Numfashin da ya shekara yana kokawa da shi ya riƙa yin nisa da juna, Tela na jiran kowane ɗaya kamar shi zai ja. Sai aka ja ɗaya, ya jira na gaba, ya yi ta jira. Malama ce ta fara sakin hannun, ta shafa masa ido, ta ce Allah ya jiƙanka, ka huta.

An yi jama'a wajen rakiyarsa fiye da yadda iyalin suka zata. Tsofaffi da yawa da ba a san su ba sun zo, kowa da labarin abin da ya taɓa yi masa.

Bayan an watse, masu hayar tukunyar suka aiko a mayar musu da kayansu. Tela da mijin Auta suka kinkime ta zuwa mota, Malama na tsaye a bakin ƙofa tana kallon zoben tsatsar da gindinta ya bari a kan siminti. A shagon masu hayar, mutumin ya duba agogon awon iska da ke kanta ya ce ai da sauran iska fiye da rabi. Akwai wata mata zaune a kan benci tun safe tana jiran a samu wadda za a kai wa mijinta. Ta miƙe da sauri, ta yi ta godiya kamar kyauta aka ba ta, sannan ta tambayi Tela ko mai amfani da ita ya samu sauƙi ne.

"Ya samu," in ji Tela.

Ya taya ta ɗora tukunyar a motar da ta kawo, ya nuna mata yadda ake riƙe ta kada ta faɗi a kwana. Sannan ya ce wa mijin Auta ya wuce kawai, shi a ƙasa zai koma. Akwai ɗinkin mutane da ya yi kwanaki a shago, amma bai nufi can ba tukuna. Ya bi titi a hankali, yana tafe yana share fuska da hannun riga.